Kwamfutocin Baffa Ba Sa Riƙe Komai

Da aka idar da sallar gawar Baffa a ƙofar gidansa a Gumel, liman ya juyo ya ce wa jama'a, wannan bawan Allah ya zauna da mu shekara da shekaru, duk wanda ya san ya taɓa shiga haƙƙinsa ya dubi girman Allah ya yafe masa. Aka amsa, “Mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Ni da nake sahun gaba na ji irin amsar. Irin wadda 'yan aji suke bayarwa ce in malami ya tambaya ko an gane, alhali kowa so yake a tashi.

Jama'a kam an taru, wannan ba a magana. Motocin haya sun zo daga Gagarawa, babura daga Maigatari da Sule Tankarkar, yawanci mutanen da suka fara taɓa kwamfuta a hannunsa. A hanyar maƙabarta wani malamin firamare ya matso kusa da ni ya ce, “Allah ya jiƙan Malam. Amma wallahi ya ba ni wuya.” Na bayansa ya ƙyalƙyale da dariya, ya tuna inda yake, ya mai da ita tari.

A cikin gida kuwa, da aka isar wa mata roƙon liman, kowa ta ce ta yafe, sai mutum ɗaya. Goggo, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta zo daga Sule Tankarkar a bayan babur, ta zauna a gindin bango tana jan carbi, idonta a bushe. Matar Baffa ta durƙusa ta kama ƙafarta ta ce, “Yaya, ki ce wani abu.” Goggo ta ce, “Allah ya ba ku haƙuri.” Daga nan ba ta ƙara ba, kuma kafin la'asar ta koma garinsu.

Da yamma babban ɗan Baffa ya ja ni gefe, idonsa jawur. Ya ce, “Kai kaɗai take jin maganarka. Don Allah ka je ka samo mana kalma ɗaya daga bakinta. Ba zan iya barci ba Baba yana kwance da haƙƙin 'yar'uwarsa a wuya.” Na ce zan je.

Kafin in faɗi yadda muka yi da ita, bari in faɗi wane ne Baffa, don tun yanzu na ga an fara goge shi ana shafa masa mai. A zaman makoki har wani ya ce mutum ne mai sanyin hali. Baffa! Da yana ji da sai ya kore shi daga tabarmar. Ba na so a manta da shi, kuma ba na so a musanya mana shi da wani.

Ƙanen mahaifina ne, shi ne autansu, haifaffen Ɗanzomo. Da tafireta ya fara, a ofishin ƙaramar hukuma. Da kwamfuta ta shigo, sa'o'insa suka ja da baya suna cewa aikin yara ne, shi kuwa da furfura a gemu ya zauna ya koya, ba malami, sai taurin kai. Da ya yi ritaya ya buɗe ɗakin koyar da kwamfuta. Ana cikin haka jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta, sai yaran ƙauyuka suka yi ta tururuwa, waɗanda ko maus ba su taɓa riƙewa ba. Ni ma da na gama kwaleji a ƙarƙashinsa na yi aiki, kuma duk abin da nake ci da shi yau a wurinsa na koya. Wannan ba zan ɓoye ba.

A farko mun sha wahala. Ɗalibi zai zo ya sauya hoton allo, ya cika na'ura da waƙoƙi da fina-finan da aka tura masa a kasuwa, ya soka filashinsa na ajiyar aiki ya bar mana bairos, cutar kwamfuta, ya tafi. Wani ya goge abin da bai san amfaninsa ba, na'ura ta ƙi tashi. Duk ƙarshen mako sai mu zauna muna sake zuba musu komai daga farko, Baffa yana zagin iyayen da ba su ji ba ba su gani ba. Rannan ya tafi Kano ya dawo da wani faifai a aljihun gaba, yana murmushi. Duk wanda ya san Baffa ya san murmushinsa ba alheri ba ne.

Manhaja ce ta kulle kwamfuta. Za ka shirya na'urar yadda kake so, ka kulle ta da kalmar sirri. Daga nan kowa ya zo ya yi abin da ya ga dama, ya rubuta, ya ajiye, ya goge, ya sauya, duk za ta karɓa kamar gaske. Amma da zarar an kashe ta an kunna, sai ta dawo yadda take ranar da aka kulle ta. Bairos ya tafi, waƙa ta tafi, aikinka ma da ka yini kana yi ya bi su. Kwamfuta ɗaya ce tak a buɗe, ta kan teburinsa. Kalmar sirrin kuwa ko ni bai ba ni ba. In zai ƙara wani abu sai ya kore mu waje, ya rufe ƙofa, ya buɗe su, ya gama, ya sake kullewa.

Gaskiya abin ya yi aiki, muka huta. Kullum da safe sai ya bi layi yana danna su ɗaya bayan ɗaya, hannu guda a baya, ya tsaya ya ga kowacce ta tashi da hoton nan na shuɗin sama, sai ya gyaɗa kai ya ce, “Sun tashi da tsarkinsu.” Ban taɓa jin ya yabi ɗan'adam da kalma mai daɗin wannan ba.

Na ce masa, “Baffa, mu liƙa sanarwa a bango mana, kowa ya san sai ya zo da filashi.”

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai kana karanta abin da aka liƙa a bango? Bar su. Sai sun yi kuka zai shiga.”

Shi ne ya mai da abin darasin farko. Duk sababbin ɗalibai, ranar da suka fara, sai ya sa kowa ya buga tarihin rayuwarsa, tun daga sunan kakansa. Yara suna zufa, suna farautar harafi da yatsa ɗaya, tun safe har azahar. Ya koya musu yadda ake ajiyewa, kowa da sunansa, ya bi ya duba ya ce madalla. In an tafi salla sai ya kashe duka. Da an dawo ya ce kowa ya buɗe aikinsa a ci gaba, shi kuma ya koma kujerarsa ya ɓare goro. Yarinya za ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, nawa babu.” Ya ce, “Kin ajiye kuwa? Ƙarya kike. Ki tuna dai abin da kika taɓa.” Haka zai bar su kowa yana zargin kansa, wasu har suna rantsuwa, sai dab da tashi ya gaya musu gaskiya. Tsofaffin ɗalibai har zuwa suke su tsaya a taga don kallon sababbi, suna toshe baki.

Malamin firamaren nan da ya yi mini raɗa a hanyar maƙabarta, shi ba ɗalibi ba ne ma. Daga Gagarawa ya zo wata Asabar da kundin kammala karatunsa a rubuce da hannu, ya ce zai buga da kansa. Baffa ya ga ba shi da filashi. Ya gani sarai. Har ruwa ya sa aka kai masa, yana zagayowa yana tambaya, “Malam, an kai shafi na nawa? Kai, sannu da ƙoƙari.” Lokacin tashi ya yi, mutumin ya ajiye aikinsa ya yi godiya ya tafi. Washegari ya dawo ya tarar da shuɗin sama. Babban mutum mai iyali, ya dafe kai hawaye na zuba. Baffa ya ce, “Haba Malam, ai gaba ta kai ka. Yau hannunka zai fi sauri.” Abin haushin, hannun nasa ya yi saurin, yanzu shi yake buga wa makarantarsu takardun jarrabawa.

Alherinsa ma da ƙaya yake zuwa. Akwai wani saurayi ɗan Maigatari da ya buga wata takarda mai zafi a kan wani mai faɗa a ji da ya mai da rijiyar burtsatsen unguwa cikin gonarsa. Bai sa suna ba, amma aka bi sawu. Yana tashi daga kan na'urar ke nan da wata sabuwar takardar, sai ga mutum biyu da ɗan sanda, sun ce a nuna musu inda yaron yake zama. Rubutun yana nan ɗanye a ciki. Baffa ya tarbe su da fara'ar da ban san yana da ita ba, ya ce, “Bismillah, ga ta nan. Bari in sake tayar muku da ita, ta yi zafi.” Ya kashe ya kunna a gaban idonsu. Suka yi ta bincike har suka gaji, suka tafi. Ya ceci yaron, wannan gaskiya ne. Amma daga ranar har ya bar duniya bai sake kiran sunansa ba. Ko a masallacin Juma'a suka haɗu sai ya ɗaga murya ya ce, “A'a, Fursuna, an sako ka?”

To, sai maganar ɗan Goggo, taubashina. Goggo ta haihu da yawa, duk suka koma tun suna ƙanana, shi kaɗai ya tsaya. Da ya zama saurayi ta kawo shi Gumel da kanta ta damƙa wa ƙanenta ta ce ya koya masa sana'a. Ga kai, ga hannu, ga surutu kamar rediyo. Ni yakan ce mini bawansa, ni in ce masa ɗan ƙauye, haka muke. Shi abin da Baffa yake wa sababbin ɗalibai bai taɓa ba shi dariya ba.

Aka kawo wani aji na malamai mata, yawancinsu sun haife mu. Taubashina ya ce wallahi ba za a sa iyayen nan kuka yana kallo ba. Ashe ya daɗe yana leƙen yatsun Baffa ta gilashin taga har ya haddace kalmar sirrin. Ya faki ido ya buɗe na'urorin layin gaba tun kafin su fara. Aka dawo daga salla, Baffa ya zauna ya ɓare goronsa, sai ya ji shiru. Matan nan kowacce ta buɗe aikinta ta ci gaba da bugawa.

Ban taɓa ganin fuskarsa kamar ranar ba. Bai tambayi kowa ba, ya san hannun. Ya tsai da aji, ya kira taubashina gaba, ya kwashe shi da mari a gaban matan. Marin da sauƙi. Cewa ya yi, “Uwarka ta haifi na kirki Allah ya karɓe, ya bar mata kai.” Wata daga cikin malaman ta ce, “Subhanallahi, Malam!” Ya ce wadda ba ta so ga ƙofa nan.

Taubashina ya ɗauki hularsa da ta faɗi, ya kaɗe, ya fita. Ya ɗan zauna a kasuwar Maigatari yana taya dillalan dabbobi, daga nan muka ji ya tsallaka Damagaram, sai Agadas, sai Libiya. Yana kiran uwarsa jefi-jefi. Daga baya kira ya ɗauke. Sai wani abokin tafiyarsa ya bugo ya ce zazzaɓi ya kama shi, kwana kaɗan ya cika, sun binne shi a can. Baffa ya je gaisuwa Sule Tankarkar, ya yi addu'a, ya ci tuwo, a hanyar dawowa yana yi mini lissafin man janareta.

'Yar ƙaramar wayar Goggo, irin mai tocilan nan, ashe tana naɗar duk kiran da aka yi tana zubawa a memori. Ba wanda ya san wa ya kunna abin. Bayan rasuwar wata maƙwabciya ta gano, ta danna mata, sai ga muryarsa: “Inna, kin ci abinci?” Aka ce Goggo zaman daɓas ta yi a ƙasa. Tun daga ranar wayar nan take ƙulle a gefen zaninta. Da ita take kwana, da ita take tashi. Tana tsinkar zogale yana ba ta labarin tsadar ruwa a Agadas, tana amsa masa a daidai inda ta amsa a da.

Amma fa Goggo ma jinin gidan ce, kar a ɗauka tana da laushi. A cikin kiran akwai ɗaya da ya ce, “Inna, ki gaya wa Kawu na tafi inda ba zai sake ganin fuskata ba. Ya huta.” Wannan ta san inda yake ko ido rufe. Duk taron dangi, suna ko biki, da Baffa ya shigo sai ta kwance gefen zani. A wani suna a Ɗanzomo yana tsakiyar cin abinci a zaure ta tsaya daga bakin ƙofa ta ƙure murya ta danna. Mutane suka sunkuyar da kai. Baffa ya cinye abincinsa tas, ya wanke hannu, bai dube ta ba.

Ana nan wayar ta fara gardama, yau ta ga memori, gobe ta ce babu. Hankalin Goggo ya tashi, ta hau mota ta zo Gumel da hantsi. Ni ta zo nema. Sunan mahaifinsu aka sa mini, don haka Babana take ce mini. Ta ce, “Babana, duba mini, yana ɓacewa.” Kafin in miƙa hannu Baffa ya taso daga teburinsa ya ce, “Kawo nan, Yaya. Wannan ba aikin yara ba ne.” Ta miƙa masa. Ƙanenta ne, kuma duk ƙasar Gumel an san ba wanda ya fi shi sanin abin.

Ya ce memorin ne ya gaji, sai an kwashe abin ciki an zuba a kwamfuta, a wanke shi, a mayar. Wannan daidai ne, ni ma haka zan yi. Amma sai na ga ya wuce kwamfutar teburinsa ya je ya zauna a ta ɗalibai.

Na ce, “Baffa, wannan a kulle take fa.”

Bai waiwayo ba ya ce, “Ni za ka koya wa?”

Na ce a raina ai yanzu zai mayar. Ya kwashe komai ya zuba a na'urar, ya sa wa memorin dogon wanki, irin wanda yake bi ta kan komai ya shafe. Muna jira ya ce, “Yaya, zo ki ji, yana nan lafiya lau.” Ya jona lasifika ya danna. Muryar taubashina ta cika ɗakin, garau, ba irin ta 'yar wayar nan mai shaƙewa ba. Har numfashinsa ana ji, har wata mota da ta wuce a bayansa. Goggo ta dafe baki, ta matso kamar za ta shiga cikin na'urar. Kira ɗaya ya ƙare, na biyu ya shiga. A na uku ne ya ce, “Inna, ki gaya wa Kawu...”

Baffa ya miƙa hannu bango ya kashe makunnin.

Ba wuta aka ɗauke ba. Janareta yana ruri, fanka tana juyawa a kanmu, sauran na'urori duk a kunne. Ya juyo ya ce, “Yaya, shekara nawa kina kuka? Mamaci barinsa ake ya kwanta. Na yi miki magani.”

Ita ba ta gane ba. Ta ce, “To na ji. Kunna mini.” Ya kunna mata kuwa. Muka tsaya mu uku muna kallo har ta gama tashi, shuɗin sama ya fito. Ta duba, ta duba, ta juyo wurina ta ce, “Babana, ina ya shiga?” Baffa ya koma teburinsa, ya bar ni da bayanin. Wallahi da na san kalmar da ta fi “babu” sauƙi da na faɗa mata.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta karɓi wayarta da wankakken memorin ta ƙulle a gefen zani kamar kullum, ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya tana laluben takalmi da ƙafa ta ce, “Auta, ni na goya ka.” Ta fita.

Na roƙe shi ya bar ni in cire ma'ajiyar na'urar in kai Kano ko za a tono wani abu. Ya ce ajin yamma na zuwa, ba zai bar kujera babu kwamfuta ba. Ina kallo wani ɗalibi ya zauna a kanta yana koyon buga sunansa. Memorin na kai wa masu gyara har mutum uku, kowa ya ce wanda ya yi wankin nan ya san aikinsa. A satin na ajiye masa makullinsa na bar aikin. Abin da ya ce kawai, in rufe ƙofa da kyau.

Goggo ba ta sake taka gidansa ba sai da ciwo ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi, sai gurnani da ido. 'Ya'yansa suka je suka ɗauko ta. Ta zauna a kujera gefen gadon. Da ya gan ta sai hawaye, yana ta jan hannun nan mai motsi yana son ya kamo nata, yana fitar da wani sauti. Matarsa ta ce, “Yaya, gafara yake nema.”

Goggo ta ce, “Ni ban ji ba. Ya faɗa da bakinsa.”

Ta zauna tana jira tun hantsi har azahar, tana kallon bakin nasa yana ƙoƙari. Aka kawo mata abinci ta ci, ta yi salla, ta ce a kai ta tasha. Na ji tausayin Baffa ranar, kuma na ji haushin kaina da na ji.

Ɗakin kwamfutar yana nan, ɗansa ne yake buɗewa. Bayan abin da taubashina ya yi Baffa ya sauya kalmar sirrin, kuma da ita ya tafi. Na'urorin suna tashi kullum yadda ya bar su, ba a iya ƙara musu komai, sai dai in an shafe su gaba ɗaya an sake. Ɗan ya ce bai shirya ba tukuna. Sanarwa dai ya liƙa a bango.

Bayan an share makoki na hau babur na tafi Sule Tankarkar. Na same ta a tsakar gida tana sheƙar riɗi. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka dama mini fura. Sai da na sha ta ce, “Aiko ka aka yi.”

Na ce, “Goggo, ya riga ya kwanta dama. Abin da ya yi ya yi, ni shaida ne, ba zan ce miki bai yi ba. Amma 'ya'yansa ba sa barci. Kalma ɗaya suke roƙo.”

Ta ajiye faifan ta ce, “Babana, kai ma kana ganin baƙin hali ne ko?”

Na ce ban ce ba.

Ta ce, “Da farko ina jin muryar ɗana a kaina, ko babu waya. In na rufe ido sai ya ce Inna. Daga baya ya fara nisa. Yanzu duk abin da ya faɗa na sani, ba wanda na manta, har inda yake tari. Amma in na tuno, da muryata nake ji. Tsohuwa ce take ce mini kin ci abinci.” Ta share hanci da bakin mayafi. “Na je na tambayi malamin unguwarmu, na ce in mutum ya ƙi yafe haƙƙinsa, ranar hisabi yaya ake yi? Ya ce a tsai da ku ku biyu, a kawo abin da aka yi a gabanku. Na ce har abin da aka ɓatar? Ya ce a can ba abin da yake ɓacewa. To ka gani. In na yafe, an kashe maganar, ba za a kawo ba.”

Na ce, “Haba Goggo. In Allah ya yarda ai a Aljanna za ki same shi, ku yi ta hira har ki gaji.”

Ta ce, “Allah ya sa. Amma wannan rahama ce, ban san ko ina ciki ba. Hisabi kuwa ba wanda ba ya ciki.” Ta ɗauki faifan ta ci gaba da sheƙa, iska tana kwashe ƙaiƙayin tana zuba mini a ƙafa. “Ka gaya wa 'ya'yansa kullum ina sa shi a addu'a, Allah ya yafe masa abin da yake tsakaninsa da Ubangijinsa. Nawa kuwa ya jira ni, ba daɗewa zan yi ba. A kira na uku muka tsaya. Zai tsaya a gefena a kunna mana daga nan har ƙarshe, in ga bangon da zai miƙa wa hannu.”